Ragowar Babanku a Jirgin Ruwa

Ranar addu'ar bakwai ɗin babanku, bayan baƙi sun watse, muna kicin ni da Walida muna wanke kofuna, sai ta faɗi wata magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baba mutumin kirki ne, Umma, ban ce ba. Amma he never asked us. Rana ɗaya kawai ya kwashe mu daga Manchester."

Na ci gaba da wanke kofunan. Ba ranar amsa ba ce. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji duk tsawon takabata, don na san ba ita kaɗai ke riƙe da ita ba. Sadik ma haka ya ɗauka, sai dai shi ba ya faɗa. Ikram kuwa tana ƙarama sosai lokacin da muka tashi, abin da ta ji a bakin yayyenta shi ta sani. To ga ni na zauna zan gaya muku yadda aka yi muka bar Hulme ta Manchester muka dawo Sparkbrook ta Birmingham, kuma sai kun yi haƙuri, don labarin ba a kan tudu ya faru ba. A tsakiyar teku ya faru, a kan wani yankin kifi da ya huce.

Sai na fara da ragowa, don idan ba ku gane ta ba, ba za ku gane babanku ba. A gidansu a Kano mahaifinsa shi kaɗai yake cin abinci a zaure. Idan ya gama sai ya ƙwala wa ƙaramin gidan kira, ya miƙa masa kwanon. Ba wai ƙoshi ya yi ya bar saura ba. Tun kafin ya kai lomar farko yake ware tsokar da ta fi kyau gefe guda, ya ci abincinsa yana kewaye ta. Babanku ya ci wannan ragowar shekaru da dama kafin a haifi ƙanensa, kuma har ya tsufa idan yana ba da labarin sai ka ga yana haɗiyar yawu. Da muka zo Ingila ya ce shi ba zai ci shi kaɗai ba, ba shi da zaure, ba shi da kowa sai mu. A flat ɗinmu na Hulme teburin bai ɗaukar mutum biyar, sai mu shimfiɗa leda a ƙasa, in juye abinci a babban tire, kowa ya sa hannu ta gabansa. Amma ragowar bai bar ta ba. Zai ware namansa a bakin tire, in an gama ya tura wa ƙarami da yatsa biyu. Walida ta fara ci, ita da yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Daga ita sai Sadik, wanda ya yi kukan da maƙwabta suka ji ranar da Ikram ta yi haƙora aka sauke shi daga mulki.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Ku kun san su a matsayin lokacin da aka rufe ɗakin karatu na unguwa da wurin wasan da nake kai Ikram, mu kuwa a cikin gida muka san su. Babanku injiniyan hanyoyi ne a council, wato hukumar gari. Aka kira su taro aka yi musu dogon Turanci, ma'anarsa dai sashensu ya zama ba a bukatarsa. Ya yi watanni a gida. Ya gyara duk abin da ya lalace a flat ɗin nan, da ya ƙare ya koma kan waɗanda ba su lalace ba, har sai da na ɓoye masa tukunyar dafa shinkafata. Da aiki ya samu, a Birmingham ya samu. Muka zauna muka yi lissafi irin na masu hankali: ni ina da aikina a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, Walida ta samu makaranta mai kyau, Sadik yana ƙungiyar ƙwallo. Ba a tayar da gida guda saboda aikin da ba a san ƙarkonsa ba. Ya kama ɗaki ɗaya can a unguwar Ladywood, muka ce na ɗan lokaci ne.

Ɗan lokacin nan ya kai Ikram daga shekara uku zuwa biyar. Da farko daren Juma'a yake zuwa, daga baya aiki ya mayar da shi safiyar Asabar. Asabar kuwa ba tamu ba ce: wannan tana iyo, wannan yana ƙwallo, ga Islamiyya da rana. Lahadi bayan la'asar ya ɗauki jakarsa da robobin miyar da na daskarar masa ya tafi. Ni kuma in dawo daga aiki ƙafafuna na zogi, kowa ya ɗebi abincinsa a faranti ya ci a gaban talabijin lokacin da ya ga dama. Ba wanda ya yanke shawarar a daina shimfiɗa leda. Wata rana dai na ɗaga kai na ga tiren a saman firij ya yi ƙura.

Shi ya zo da maganar jirgin ruwa. Wani abokin aikinsa ya gaya masa cewa a hutun tsakiyar zango, da sanyi ya fara shigowa, ana samun rangwame. Na dube shi sama da ƙasa.

"Baban Walida, kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba? Kai da kake rufe ido in mota ta hau gada?"

"Bilki, ki gane mana. A jirgin ruwa ba inda mutum zai je. Ba swimming lesson, ba motorway, ba on-call na asibiti. Mako guda, kowane dare tebur ɗaya, mu biyar."

Yadda ya faɗi "mu biyar" ɗin ne ya sa na daina tsokanarsa. Na ce Allah ya kai mu.

Abin da abokin nasa bai gaya masa ba shi ne jirgin yana da nasa shirin a kan 'ya'yan mutane. Mun hau a Southampton, gari guda ne a kan ruwa, har da lif da kantuna. A can sama akwai kulob ɗin yara, kashi-kashi gwargwadon shekaru, da samari da 'yan mata masu riguna kala ɗaya waɗanda aikinsu kawai su sa yaro ya manta da iyayensa. Ni na kai ku rajista ranar farko, babanku yana ɗaki yana fama da alƙibla, yana juya waya jirgi yana juya shi. Aka ɗaura wa kowannenku abin hannu na roba, aka ɗauki hotona a matsayin mai zuwa ɗaukar Ikram. Suka ce a kawo babanta shi ma a ɗauki nasa. Na ce to, anjima. Shekara biyu ni kaɗai nake ɗauko yara daga ko'ina, maganar ta fita daga kaina kafin in kai lif. Kuma tsarinsu shi ne yara su ci abincin dare da wuri, bayan la'asar, a wani gefe na wurin cin abinci mai ƙananan tebura, daga nan a wuce da su wasannin yamma. Manya kuwa sai bayan magariba, a babban zaure mai fararen tufafin tebur. Wato daidai lokacin da babanku ya yi wa tanadi, lokacin ne yara ke wasan neman taskar 'yan fashin teku a hawa na sama.

Daren farko mun zauna mu biyar. Ya sa farar shaddarsa da hula, ya zaro kwalbar yajin da na ɓoye a jaka ya ajiye a tsakiyar tebur. Saboda ba mu da tabbacin yankan naman, kifi muke ci. Amma abincin wurin ba irin na tire ba ne da za a juye a ci a tashi. A kawo miya cokali uku, a jira. A kawo ganye, a jira. Kafin kifi ya iso Ikram ta yi barci a jikina, Sadik kuma ya karkata kunne yana jin ganguna daga sama. Washegari Walida ta tsaya a gaban babanta kamar lauya. Tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma ta riga ta yi ƙawaye.

"Baba, it's a holiday. Kowa a club yake ci. Mu kaɗai ne za mu zauna two hours muna kallon cokula?"

Ya dube ni. Ni kuwa, gaskiyar magana, na ji daɗin zaman. Rabona da in ci abincin da ba ni na dafa ba, ba mai ja mini hannun riga, har na manta. Na ce ya bar su, ai hutu suka zo. Ya ce to, Uwata ta yi magana, Bilki ta sa hannu, shi wane ne.

Haka muka zauna mu biyu a teburin mutum biyar. Da kifi ya zo na ga ya sa wuƙa ya yanke tsakiyar, inda ba ƙaya, ya tura gefe. Ya cinye sauran, ya ɗauki ƙaramin farantin shayi ya kife a kai. Mai kawo mana abinci wani bawan Allah ne ɗan Indiya, mai ladabi ƙwarai. Ya ɗaga farantin ya ga kifi, fuskarsa ta canza. Ya tambaya ko bai dahu ba ne. Babanku ya ce ya dahu, ya yi daɗi. To me ya sa ya bar wurin da ya fi kyau? Ya ce na 'yarsa ne. Mutumin ya yi murna, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, yanzu zai sa a dafa wa yarinya sabo, a kai mata har ɗaki. Babanku ya gode masa ya ce a'a. Mutumin ya tsaya da faranti a hannu bai san inda zai sa kansa ba, daga ƙarshe ya tafi da shi. Na bi kifin da kallo har ya shige ƙofar kicin.

"To ka bari su dafa mata mana," na ce.

"Wanda za su dafa ai ba daga kwanona ya fito ba."

Dare na gaba ma haka aka yi, har sai da babban mai dafa abinci ya fito da doguwar hularsa ya zo ba da haƙuri. Na yi dariya har da hawaye, ina kallon babanku yana ƙoƙarin fahimtar da Bature cewa kifin da ya fi so shi ne wanda bai ci ba. Shi ma ya yi dariyar. Amma da muka koma ɗaki ya ce gobe kowa zai zo tebur, ba shawara yake nema ba. Kun zo kuwa, kuma na san kuna tuna daren, don shi kuke kira ranar da Baba ya ɓata hutu. Sadik ya rasa matsayinsa na kyaftin a wasansu, ya zauna yana huci. Walida ta naɗe hannu ta kawar da kai. Da babanku ya tura wa Ikram tsakiyar kifin da yatsa biyu, ta dube shi, ta dube ni, ta ce ta ƙoshi, ta ci pizza. Ba rashin kunya ta yi ba. Ba ta san mene ne ba, shi ke nan. Lokacin da take cin ragowa ba ta da wayon da za ta riƙe. Bai sake tilasta muku ba. Ya ce mini teburin da aka cika da dole ba shi ya zo nema ba.

Washegari muka koma mu biyu. Wannan karon da ya ware kifin bai kife faranti ba. Ya buɗe farin ƙyallen goge baki ya naɗe shi a ciki, ya miƙe tun ba a kawo kayan zaƙi ba.

"Bari in kai mata can. Wataƙila a gaban mutane ne ta ji kunya."

Na ce ya jira ni, bai jira ba. Na tsaya gyara mayafina, lif ya tafi ya bar ni, sai da na hau na gaba. Da na iso na tarar da shi a bakin ƙofar kulob, wata yarinya ma'aikaciya ta tsaya a gabansa tana murmushi irin na aiki. Tana gaya masa ba a shiga da abincin waje saboda yaran da wasu abinci ke yi wa illa, kuma ta duba ba ta ga hotonsa a cikin masu ɗaukar yaro ba. Ba ta yi laifi ba, ni ma da 'yata ce a hannun baƙi haka zan so a yi. Ta leƙa ciki ta kira Ikram. Sai ga ta ta fito a guje, an zana mata fuskar damisa, har da gashin baki. Ma'aikaciyar ta durƙusa ta tambaye ta ko ta san wannan mutumin. Ikram ta ɗaga kai ta yi masa murmushi, ta ce da Turancinta na Manchester:

"That's Baba. He lives in Birmingham. He comes to our house on Saturdays."

Ta juya ta koma wasanta. Baba ne, ta ce, a Birmingham yake zaune, yana zuwa gidanmu ran Asabar. Gidanmu. Da fara'arta ta faɗa, yadda yaro zai gabatar da kawunsa da yake so.

Babanku ya yi dariya, ya yaba wa ma'aikaciyar, ya ce aikinta na kyau. Ya juya ya gan ni, ya tura ƙofar da ke fita waje. Na bi shi. Rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, akwai sauran ja a gefen sama, iska tana kaɗa masa shadda. Ya tsaya a jikin ƙarfen bakin jirgi da ƙullin a hannu. Na san ba zai ci ba, uba ba ya komawa kan ragowarsa. Na kuma san ba zai jefa abinci a ruwa ba. Tsaye kawai yake da abin da ba shi da inda zai kai shi.

"Ba ta yi ƙarya ba, Bilki," ya ce.

Na miƙa hannu.

"Kawo."

"Na Auta ne."

"Ni ma ai autar gidanmu ce. Ko ka manta inda ka ɗauko ni?"

Ya dube ni, ya sa mini a hannu. Na buɗe na ci a tsaye. Ya huce, man ya daskare, ba gishiri ba yaji, kuma ban taɓa cin abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamarsa ba. Tausayin mutumin nan ya kama ni. Ya rasa aikinsa bai yi ƙorafi ba, ya kwana shekara biyu a ɗaki ɗaya yana ɗumama miyar roba, duk don kada a taɓa mana zamanmu, ga ladan da ya samu. Kafin in gama tauna na riga na yanke shawara. Na goge hannuna na ce:

"Idan mun sauka ka nemo mana gida a Birmingham. Mai ɗaki uku."

Yanzu ku buɗe kunne, don nan ne wurin da kuka ɗauka a baibai. Babanku ƙi ya yi. Ya ce aikina fa? Ya ce Uwata ta kusa fara shirin jarrabawar GCSE, ba a cire yarinya daga makaranta a irin wannan lokaci. Ya ce mu jira ta gama. Na ce idan ta gama Sadik ya shiga layi, idan ya gama Ikram ta shiga, ranar da za a ce yanzu ya dace ba za ta zo ba, sai dai mu wayi gari Ikram tana gabatar da shi ga mijinta a matsayin mai zuwa ran Asabar. Ya ce zai ci gaba da neman aiki a Manchester. Na ce shekara biyu yana nema, council ɗin da ta sallame shi har yanzu sallamar wasu take yi. Mun yi wannan muhawara a jirgi, mun yi ta a motar dawowa kuna barci a baya, mun yi ta a waya har aka shiga sabuwar shekara. Kun san ni in na kafe. Ranar da ya sallama, sharaɗi ɗaya ya kafa mini.

"Ni zan gaya musu. Ki bari su ɗauka ni ne."

"A kan me? Ni na ce a tashi."

"Uwata za ta yi fushi, kuma fushinta ba na kwana ɗaya ba ne. Ke ce a gida da su kullum. In ta yi fushi da ke ba ta da wurin zuwa. Ni kuwa dama ba ta saba ganina ba, ba abin da za ta rasa."

Na yi masa alƙawari, na kuma riƙe shi muddin yana raye. Bai ce in riƙe har bayansa ba.

Amma kafin in kai ku Sparkbrook bari in ƙarasa muku jirgin, don akwai abin da ya yi wanda har yau in na tuna sai na yi murmushi. Washegarin daren kifin, da safe, ya je da kansa aka ɗauki hotonsa. Bayan la'asar ya sa shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗauki kwalbar yaji, ya ce in taso. Muka nufi gefen da yara ke cin abinci. Ya ɗauki faranti ya shiga layi a bayan wasu 'yan shekara shida, aka zuba masa soyayyen dankali da 'yan sandunan kifin nan na yara. Ya ja kujerar da ba ta kai gwiwata ba ya zauna kusa da Ikram, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ce tunda ba za ku zo lokacinsa ba, shi ya zo naku. Sadik ya taso da gudu yana nuna wa abokansa babansa. Walida ta ja hular rigarta ta rufe fuska don kunya, ta zauna can nesa, amma dankalin jirgin ba ya ciyuwa ba yaji, kuma kwalba ɗaya ce a duk tekun. Ba a jima ba ta jawo kujera.

Ya ware sandan kifi guda a bakin faranti, ya barbaɗa masa yaji. Da ya gama ya tura wa Ikram da yatsa biyu. Ta tambayi Sadik mene ne. Sadik, wanda har lokacin bai huce da sauke shi da aka yi ba, ya ce mata na ƙaramin gida ne, in ba ta so shi yana so. Jin haka ta cafke ta tura a baki. Yaji ya kama ta, ta yi kuka, ta sha ruwa, damisar fuskarta ta dame. Da ta huce ta leƙa farantinsa ta ce gobe ma ya ajiye mata. Haka muka ƙarasa kwanakin: mu ci tare da wuri a ƙananan kujeru, ku haye sama wurin gangunanku, mu kuma mu sauka babban zaure bayan magariba mu sha shayi kawai. Bawan Allah ɗan Indiya ya ƙara shiga damuwa, yanzu ba tsakiyar kifi kaɗai ba, kifin gaba ɗaya Alhaji ya ƙi.

Mun tashi da aka yi hutun ƙarshen shekarar karatu. Ba zan ce muku abin bai ci mana komai ba. Aiki irin nawa ban sake samunsa ba, asibitoci ba sa ɗauka a lokacin, na ƙare a bayan kanta a wani kantin magani a Stratford Road har na yi ritaya. Na bar matan da muka yi goyo tare, waɗanda in na yi zazzaɓi tuwo ke zuwa ƙofata ba tare da na roƙa ba. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Sadik ya samu wata ƙungiyar ƙwallon cikin mako biyu ya manta da kowa. Walida ce ta biya mafi tsada. Sabuwar makarantar ba ta kai tsohuwar ba, darussan ba su zo ɗaya ba, sakamakonta bai fito yadda take so ba, sai da ta sake rubuta jarrabawar wasu. Ƙawarta ta ƙut da ƙut, wadda suke tare tun suna rarrafe, zumuncin ya mutu a waya. Na san wannan, ban taɓa raina shi ba. Da za a mayar da ni bakin ƙarfen jirgin nan da kifin a hannuna, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, amma ban ce kyauta muka samu ba.

Tun daren farko a sabon gida na sauko da tire, muka shimfiɗa leda a tsakanin kwalaye. Mu huɗu muka zauna. Walida tana sama ta rufe ƙofa. Tsawon watanni ba abin da ke haɗa ta da babanta sai gaisuwa, ita ma a taƙaice, kanta a ƙasa. Na so in hau in gaya mata gaskiya, ya hana ni da ido. Abin da ya yi kawai shi ne ya fara raba ragowarsa biyu, wadda yawanci hanta ce. Rabi ya tura wa Ikram. Rabi ya sa a ƙaramin kwano, ya kife faranti a kai, ya hau bene da shi a hankali saboda gwiwarsa. Muna jin sa daga ƙasa yana ajiyewa a bakin ƙofa.

"Uwata, ga ragowarki."

Ƙofa ba ta buɗe ba. Ya sauko ya wanke hannu.

Walida, kin sha gaya mini cewa ba ki taɓa ci ba, wai zubarwa kike yi, ko ki ba Sadik. Ni nake fitar da shara a gidan nan, ban taɓa ganin ragowar a ciki ba, kuma Sadik bai taɓa cin hanta ba tun da aka haife shi. Gaskiyarki, ba a tambaye ki ba, kuma kina da ikon yin fushi. Amma ga mai laifin nan zaune tana rubutu, ki zo ki yi da ni, ina nan. Shi dai ki sauke masa.

Kuma kada ki ɗauka bai sani ba. Kullum da asuba, in ya dawo daga masallaci, kafin kowa ya tashi, sai ya hau benen nan a kan yatsun ƙafa ya ɗauko kwanon. Ya kawo mini kicin, ya ɗaga farantin da ke kai, ya karkato mini shi in ga cikinsa. Wayam, har romon an suɗe. Sai ya ajiye shi a wurin wanke-wanke, ya gyara hularsa, ya tafi aiki yana murmushi.